Masu Riƙon Amanar Dakta: Tarihin Ƙorafi a Kan Shirin Doctor Who

Da yammacin Asabar, 26 ga Maris 2005, tashar talabijin ta BBC One ta dawo da wasan kwaikwayon nan mai dogon zango, Doctor Who, bayan kusan shekara 16 da dakatar da shi. Mutum miliyan 10.8 ne suka kalli kashi na farko a Birtaniya, adadin da ko masu shirya shi ba su saka rai da shi ba. Kwana huɗu kacal bayan haka labari ya fito cewa Christopher Eccleston, wanda ya fito a matsayin Dakta, zai bar shirin a ƙarshen zangon, kuma kafin mako ya zagayo tsofaffin masoya sun rabu gida biyu: masu murnar cewa abin ƙaunarsu ya dawo da rai, da masu cewa wannan da aka kawo musu ba shi ne suka sani ba. An maimaita wannan gardama a 2010, da 2017, da 2023, har wasu suka ɗauka wata sabuwar cuta ce da intanet ta haifar. Tarihin shirin ya nuna cewa ta girmi intanet nesa ba kusa ba, ya kuma nuna abin da ya fi wannan muhimmanci. Tsofaffin masu kallo suna da haƙƙi na gaske a kan wannan shiri, domin su suka riƙe shi a lokacin da mai shi ya yar da shi. Sai dai duk lokacin da aka rubuta shirin domin a faranta musu, ya kan tsuke ya rame, duk lokacin da aka rubuta shi domin yaron da bai taɓa ganinsa ba kuwa, ya kan bunƙasa.

An fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin kisan shugaban Amurka John F. Kennedy, lokacin da hankalin mutane ke wani waje, har sai da BBC ta sake nuna kashin farko a mako na gaba. Sydney Newman, ɗan Kanada da ke shugabantar sashen wasan kwaikwayo, shi ne ya fi kowa tura tunanin gaba, ya ɗora wata matashiya, Verity Lambert, a matsayin furodusa, Waris Hussein haifaffen Indiya kuma ya ba da umarni a labarin farko. Labarin wani dattijo ne baƙo daga wata duniya, wanda ke ratsa zamani da sararin sama cikin wata na'ura mai suna TARDIS, wadda daga waje ta yi kama da akwatin wayar 'yan sanda mai launin shuɗi, cikinta kuwa ya fi wajenta girma. Niyyar farko ita ce a koya wa yara tarihi da kimiyya ta hanyar nishaɗi, amma dodannin ƙarfe da ake kira Daleks, waɗanda Terry Nation ya ƙirƙira a Disambar shekarar, suka ja akalar shirin zuwa ga tsoro da kasada. A 1966 rashin lafiya ya hana William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, ci gaba, sai marubuta suka yi dabarar da ta ba shirin tsawon rai: Dakta ba ya mutuwa, jikinsa ne ke rikiɗa ya sabunta, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali. Patrick Troughton ya karɓa. Tun daga ranar, sauyi ya zama ƙashin bayan shirin, kuma tun daga ranar aka sami masu kallo da suka rubuta wa BBC cewa an ɓata musu Daktansu.

Shekarar 1976 ita ce ta fi fito da siffar wannan al'ada. A cikinta aka kafa ƙungiyar masoya shirin ta Doctor Who Appreciation Society, kuma a cikinta aka nuna labarin The Deadly Assassin wanda Robert Holmes ya rubuta, Tom Baker yana Dakta. Holmes ya kai masu kallo duniyar Gallifrey, mahaifar Dakta, ya nuna musu cewa masu mulkinta, sarakunan lokaci da a da ake gani kamar ba sa kuskure, tsofaffin 'yan siyasa ne masu ƙulle-ƙulle da ɓoye gaskiya. Shugaban sabuwar ƙungiyar, Jan Vincent-Rudzki, ya rubuta sharhi mai zafi a mujallar masoya yana kukan cewa an rushe abin da aka gina shekara da shekaru. A ɗaya ɓangaren kuma Mary Whitehouse, mai fafutukar tsabtace talabijin, ta kai ƙara a kan yadda aka rufe kashi na uku da hoton kan Dakta a danne cikin ruwa, har babban daraktan BBC ya ba ta haƙuri aka kuma datse wurin daga faifan. Abin lura shi ne, yawancin abin da masoyan yau ke ɗauka a matsayin asalin tarihin Gallifrey, har da ƙa'idar cewa sau 12 kawai Dakta zai iya rikiɗa, daga wannan labarin da aka tsine wa ya fito. Bidi'ar 1976 ce ta zama gadon da jikokin masu ƙorafin suka riƙa karewa bayan shekara arba'in.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce masu ƙorafi mutane ne da ba a iya musu, a wuce. Amma akwai bashin da BBC ta ci a wurinsu wanda ba za ta iya biya ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978, hukumar ta riƙa goge kaset ɗin tsofaffin shirye-shiryenta domin ta sake ɗaukar wasu a kai, tana kuma lalata kwafin fim da aka yi domin sayarwa ƙasashen waje, saboda kaset na da tsada, wurin ajiya ya yi kaɗan, kuma ba wanda ya hango ranar da za a sayar da tsohon shiri a kasuwa. Kashi da yawa na zamanin Hartnell da Troughton sun tafi ta haka. Waɗanda suka ceci abin da ya saura yara ne da matasa da suka riƙa kanga makirfo a bakin talabijin suna naɗar sauti a gida, kuma albarkacinsu ne a yau ake da muryar kowane kashi da hotonsa ya ɓace. Masoya ne suka matsa aka daina lalatawar, su ne kuma suka bi sawun kwafin da aka aika ƙasashen da suka sayi shirin. An dawo da The Tomb of the Cybermen daga Hong Kong a farkon 1992. A watan Oktoban 2013 aka sanar cewa Philip Morris, mai farautar tsofaffin faifai, ya tarar da gwangwanayen fim a kan kanta a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, cikinsu da kashi tara da aka fid da rai da su daga labaran The Enemy of the World da The Web of Fear na zamanin Troughton. Wannan tsintuwa ta rage adadin ɓatattun daga 106 zuwa 97 a lokacin. Abin da Landan ta ga ba shi da amfanin ajiyewa ya kwana fiye da shekara talatin a Filato yana jira. Mutanen da suka yi irin wannan wahala ba 'yan kallo ba ne kawai, kuma duk wanda ya raina fushinsu bai san abin da suka kashe ba.

To me ya faru da aka ba su kunne? Shekarun 1980 sun amsa. John Nathan-Turner, wanda ya riƙe shirin daga 1980 zuwa 1989, ya kusanci masoya fiye da duk furodusan da ya gabace shi, yana halartar tarukansu a Birtaniya da Amurka, yana dawo da tsofaffin dodanni da tsofaffin abokan tafiya. Labarin Attack of the Cybermen na Janairun 1985 shi ne misalin da ya fi bayyana: an ɗora shi a kan abubuwan da suka faru a labarai biyu na 1966 da 1967, waɗanda ba a sake nunawa ba, ɗayan ma gaba ɗaya ya ɓace a lokacin. Yaro ɗan shekara tara da ya zauna gaban talabijin ba shi da ta inda zai kama zaren. A watan Fabrairun shekarar Michael Grade, shugaban tashar BBC One, ya dakatar da shirin na wata 18. Masoya suka yi ca, jaridu suka ɗauka, har aka fitar da waƙar neman a dawo da shi. An dawo da shi, aka sauke Colin Baker daga matsayin Dakta a 1986, aka kawo Sylvester McCoy, sannan aka ajiye shirin a daidai lokacin da tashar ITV ke nuna Coronation Street, ɗaya daga wasannin da suka fi farin jini a ƙasar. Shirin da wani kashinsa ya tara mutum miliyan 16 a 1979, lokacin da ma'aikatan ITV ke yajin aiki, ya koma neman miliyan uku zuwa biyar. Ranar 6 ga Disamba 1989 aka nuna kashi na ƙarshe ba tare da an fito an ce an rufe ba.

Mai musu zai ce masoya ba su da laifi a nan, shugabannin BBC ne suka tsani shirin, suka hana shi kuɗi, suka ajiye shi inda zai mutu. Wannan gaskiya ne, kuma Grade bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga shirin ba. Gaskiya ne kuma cewa zango biyu na ƙarshe, ƙarƙashin editan labari Andrew Cartmel, sun fi waɗanda suka gabace su kyau. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shugaban tasha ba ya iya taɓa shirin da iyali gaba ɗaya ke zama su kalla, kuma abin da ya ba Grade dama shi ne cewa iyaye da yara sun fara janyewa, an bar shirin da waɗanda suka haddace tarihinsa. Gwajin 1996 ya ƙara tabbatar da haka. An haɗa gwiwa da kamfanonin Amurka aka yi fim guda a Vancouver, Paul McGann yana Dakta, da fatan ya zama mafarin sabon zango. Domin girmama tsofaffin masoya, sai aka buɗe fim ɗin da dogon bayani a kan Gallifrey da Daleks da tsohon maƙiyin Dakta, aka bar McCoy ya riƙe farkonsa kafin sabon jarumin ya bayyana. A Birtaniya mutum miliyan tara suka kalla, a Amurka inda ake neman sababbin masu kallo kuwa bai yi kasuwa ba, maganar zango ta mutu. Masoyan da aka yi wa wannan kara su ma ba su gode ba, domin fim ɗin ya ce Dakta rabinsa ɗan Adam ne, ya kuma nuna shi yana sumbatar mace.

Cikin shekarun da shirin ba ya talabijin, masoya ne suka ci gaba da hura wutar. Kamfanin Virgin ya fara buga sababbin littattafan labarin Dakta a 1991, kamfanin Big Finish kuma ya fara wasannin murya da tsofaffin jaruman a 1999. A wannan makaranta aka horar da waɗanda suka dawo da shi. Russell T Davies, wanda BBC ta damƙa wa aikin a 2003, ya rubuta ɗaya daga littattafan Virgin a 1996. Paul Cornell da Mark Gatiss daga can suka fito, Robert Shearman da Nicholas Briggs mai muryar Daleks daga Big Finish, Steven Moffat masoyi ne tun yana yaro, haka David Tennant da ya gaji Eccleston. Nan ne hujjar ta fi ƙarfi, domin waɗannan mutane sun fi kowane mai ƙorafi sanin tarihin shirin, amma da aka ba su wuƙa da nama sai suka ƙi rubuta wa 'yan uwansu. Davies ya buɗe labarin da wata budurwa mai aikin kanti a Landan, Rose Tyler, wadda Billie Piper ta fito a matsayinta, da uwarta da saurayinta da gidansu na unguwar talakawa, mai kallo bai ga Dakta ba sai ta idonta. Ya cire wa Dakta tufafin ban mamaki ya sa masa baƙar rigar fata, ya bar Eccleston ya yi magana da karin harshen arewacin Ingila. Gallifrey da dukan sarƙaƙiyarta ya ce ta ƙone a wani yaƙi da ba a nuna ba. Da wannan shawara guda ya sauke nauyin shekara 26 daga kan sabon mai kallo, ya kuma ba Dakta wani baƙin ciki da kowa zai gane ko bai san komai ba.

Ƙorafin da ya biyo baya sananne ne. An ce an mai da shirin wasan soyayya da rigimar cikin gida, an ce minti 45 bai isa a gina labari ba idan aka kwatanta da tsohon tsari na kashi huɗu, an yi tir da dodannin Slitheen masu sakin iska, an ce Piper mawaƙiya ce ba 'yar wasa ba. Wasu daga cikin waɗannan suna da tushe, domin Davies ya sha warware babban rikici cikin gaggawa a mintunan ƙarshe, kuma wannan aibi ya bi shi har ƙarshen zamaninsa. Amma shirin ya ci kyautar BAFTA ta wasan kwaikwayo mafi kyau a 2006, ya dawo da al'adar iyali su zauna tare a daren Asabar, ya mai da Cardiff cibiyar shirya wasanni. Tsofaffin abubuwan kuma ba a zubar da su ba, an riƙa shigo da su ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai an gabatar da shi kamar sabo: Dalek guda ɗaya a kashi na shida, tsohuwar abokiyar tafiyar Dakta Sarah Jane Smith ta shekarun 1970 a 2006, babban maƙiyin Dakta a 2007. Ranar cikar shirin shekara 50, 23 ga Nuwamba 2013, an nuna kashi na musamman a ƙasashe 94 lokaci guda.

Akwai wata suka da ta fi wadda ta gabata nauyi, wato cewa wannan ra'ayi yana ba masu shiri lasisin toshe kunne, su kira duk mai suka tsohon da ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin da ya faru daga 2017 ya nuna haɗarin hakan. Da aka sanar a watan Yulin shekarar cewa Jodie Whittaker ce za ta zama mace ta farko a matsayin Dakta, wasu sun yi tir tun ba su ga ko minti ɗaya ba, kuma wannan ƙin ba shi da hujja a cikin labarin da ya ginu a kan rikiɗa tun 1966. Jama'a ma ba su bi su ba, domin kusan mutum miliyan 11 suka kalli fitowarta ta farko a Oktoban 2018. Sai dai hayaniyar waɗannan ta rufe muryar wasu masu suka na daban, waɗanda ke cewa rubutun Chris Chibnall, mai jagorantar shirin a lokacin, ya cika abokan tafiya har uku ba a ba kowannensu abin yi ba, kuma ana faɗa wa mai kallo darasi a maimakon a nuna masa. Waɗannan sun cancanci amsa, kuma haɗa su da na farko a kwando ɗaya zalunci ne. Amma a duba abin da ya fi tayar da ƙura a zamanin, wato labarin Maris 2020 da ya ce Dakta ba ɗan Gallifrey ba ne, yana da rayuka da dama kafin Hartnell. Wannan ba rubutu ne na wanda ya manta da masoya ba. Amsa ce ga wata tambaya da ta samo asali daga wasu fuskoki da aka haska na 'yan daƙiƙoƙi a wani labari na 1976, tambayar da ba wanda ya damu da ita sai mai haddar tarihin shirin. Ciwon 1985 ne ya dawo, kuma kamar wancan karon, masoyan da aka yi dominsu su suka fi kowa fushi.

Dole a yi hattara da alƙaluma a nan, domin yawan masu kallon talabijin kai tsaye ya faɗi ga kusan kowane shiri tun da aka koma kallo ta intanet, kuma ba adalci ba ne a auna 2024 da ma'aunin 2005. Abin da za a iya aunawa shi ne wa ake yi wa magana a cikin labarin. Davies ya dawo a 2023 da kuɗin Disney+, ya ɗauko Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Scotland, baƙar fata na farko da ya ja ragamar shirin, aka kuma sake lissafin zango daga ɗaya domin a nuna cewa ƙofa a buɗe take ga sabon shiga. Gatwa ya kawo kuzari da taushin zuciya da shirin ke bukata. Amma mutumin da ya ƙone Gallifrey a 2005 domin ya sauƙaƙa wa baƙo, shi ne ya rufe zangon 2024 da wani maƙiyi daga labarin 1975, ya rufe na 2025 da wasu biyu, ɗaya daga 1985, ɗaya daga farkon shekarun 1970, kowannensu an ɓoye shi ana jiran mai kallo ya yi ihu idan an ambaci sunansa. Wanda zai yi wannan ihu sai wanda ya riga ya san sunan.

Ranar 31 ga Mayu 2025, bayan zango biyu kawai, Daktan Gatwa ya rikiɗa, fuskar da ta bayyana kuwa ta Billie Piper ce. Yaran da suka fara kallo ta idon Rose Tyler suna da shekara takwas yanzu sun doshi talatin, su ne tsofaffin masoya na yau, su ke da nasu zamanin zinariya da suke karewa, kuma su aka nufa da wannan fuska. Wasunsu sun yi murna, da yawa sun ce an rasa abin yi ne aka koma tonon baya, a watan Oktoba kuma aka tabbatar cewa Disney ta janye daga haɗin gwiwar. Yarinya 'yar shekara takwas da ta zauna kallo a daren, wadda Gatwa ne Daktanta na farko, ta ga ya tafi, ta ga wata mata da ba ta taɓa gani ba tana murmushi, sai da ta juya ta tambayi babanta ko wace ce.